Yadda zaki sa wa gidan 'yar tsana wuta ba tare da wutar soket ta shiga cikinsa ba

Wata Hajiya ce daga unguwar Mamobi a Accra ta turo tambaya, tace kafinta ya ƙera wa 'yarta mai shekara 6 gidan 'yar tsana na katako, bene ne, ɗakuna huɗu da ɗan baranda, yarinya kuma ta dage sai an sa mata wuta a kowane ɗaki. Wani yace mata ta sayi irin fitilun adon nan da ake kawowa kasuwar Makola lokacin Kirsimeti ta zagaya su ciki ta jona a soket. A gidan kuma akwai ƙanin yarinyar ɗan shekara 2. Shin hakan yayi, ko akwai hanyar da ta fi?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su. Ni aikina gyaran talabijin da amfilifaya ne anan Nima, wayoyi da ƙananan ƙwayaye sune abin da hannuna yake taɓawa kullum, to bari in fara da abin da ya fi damuna a cikin tambayar. Dan Allah kar ki sa waɗannan fitilun na soket. Wutar da ECG, kamfanin wutar lantarkin Ghana, take kawo mana bolt 230 ce, kuma da yawa daga cikin fitilun adon nan masu araha babu taransifoma a jikinsu, wato ƙwan ƙarami ne kam amma wayar da ta bi ta cikinsa tana ɗauke da wutar soket ɗin gaba ɗaya, ga robar wayar siririya, yaro ɗan shekara 2 in ya ja ta ko ya sa a baki shikenan. Mutane suna ganin ƙanƙantar ƙwan sai su ɗauka wutar ma ƙarama ce, ba haka bane wallahi. Duk abin da zai shiga cikin gidan wasan yara kar ya wuce bolt 12, ni ma dai a nawa ra'ayin bolt 5 ya wadatar.

Abin da nake so ki yi shine ki haɗa gidan da ƙwayayen LED a tsarin da zai yi aiki da bolt 4.5 zuwa 5. Amfanin wannan shine abu biyu zasu iya kunna shi ba tare da kin canza komai ba, ko akwatin batir mai cin batir AA guda uku, tunda kowane ɗaya bolt 1.5 ne ukun sun bada 4.5, ko kuma wayar USB daga fawa bank ko cajar waya wadda take bada 5. Tunda akwai ƙaramin yaro ni batir ɗin zan zaɓar miki a yanzu, babu igiyar da zata tafi bango kwata-kwata, in ya girma sai ki koma USB. Kuma ranar da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, gidan 'yar tsana shi kaɗai zai kasance da haske a ɗakin, yara suna jin daɗin wannan sosai.

Kayan duk zaki samu a Zongo Lane cikin Accra, wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, kuma basu da tsada. Ki ce a baki ƙwan LED mai milimita 5 ko 3, fari amma mai ɗan ruwan ɗorawa irin hasken fitilar da, ba farin nan mai shuɗi-shuɗi ba. In an rubuta lamba a jikin ledar, 2700K zuwa 3000K shine mai ɗumin, 6000K zuwa sama shine mai kama da hasken asibiti, a ƙaramin ɗaki irin wannan sai ya kashe kalar kayan gaba ɗaya. Ki sayi fiye da adadin da kike buƙata saboda wasu zasu lalace wajen aiki. Sai rezista, ɗan abin da yake rage wutar da take shiga ƙwan, sai ƙananan makunnai, sai akwatin batir ɗin, sai robar nan da ake zura wa waya a hura mata zafi ta tsuke, sai gam na bindiga in baki da shi.

Yanzu maganar rezista, nan ne wajen da mutane suke yin sakaci sai ƙwan ya mutu bayan kwana biyu suce an sayar musu da jabu. LED ba kamar ƙwan fitila na da bane mai zare a ciki, shi bai san ya ƙoshi ba, in ka bashi wuta fiye da ƙima zai ja har ya ƙone kansa. Farin LED yana aiki ne a wajen bolt 3, kuma iyakar abin da ƙananan nan suke ɗauka miliamfiya 20 ne, wanda ake rubutawa 20mA. To in wutarki 5 ce, akwai rarar bolt 2 da dole wani abu ya shanye, aikin rezista kenan. Lissafin ba wuya, rarar bolt ɗin ake rabawa da ƙarfin wutar da ake so, 20mA ɗin nan shine 0.02 a lissafin, 2 a raba da 0.02 ya bada om 100, om shine ma'aunin rezista. Amma om 100 zai sa ƙwan yayi ta aiki a ƙarshen ƙarfinsa ne, kuma hasken zai yi yawa wa ɗaki mai tsayin tafin hannu biyu, shi yasa nake cewa ki sayi na om 220. Da shi kowane ƙwai zai ja wajen 9mA a kan USB, a kan batir kuma ƙasa da haka kaɗan, hasken yayi laushi, ƙwan ya daɗe, batir ma ya daɗe. Alamarsa in mai zobe huɗu ne ja, ja, ruwan ƙasa, sai na ƙarshe ruwan gwal, amma akwai masu jiki shuɗi masu zobe biyar da launinsu ya bambanta, don haka kawai ki ce mai shagon ya auna miki ɗaya da mita a gabanki. Ƙaramin nan na kwata wat ya isa, ko ɗumi ba zai yi ba.

Kuma kowane ƙwai da nasa rezista, wannan kar a yi rowa a kai. Na san za a ce miki a sa guda ɗaya babba a bakin batir ya wadatar da duka, yana kamawa kam amma ƙwayayen basa raba wutar daidai, wani ya fi wani haske, in kin kashe ɗaki biyu sauran su ƙara haske, in kuma yarinya tace tana son jan ƙwai a kicin to nan ne zaki ga abin mamaki, jan LED wajen bolt 2 yake kamawa, sai ya janye wutar ya bar fararen a mace. In kowa da nasa rezista babu ruwan wani da wani.

Yadda ake jera su kuma, ki ɗauka kamar famfon unguwa ne, babban bututu ya bi layi kowane gida ya ja nasa reshen, in wani ya rufe nasa na maƙwabci bai tsaya ba. A bayan gidan 'yar tsanar zaki shimfiɗa uwar waya guda biyu daga sama zuwa ƙasa, ja ɗaya na fulos, baƙi ɗaya na mainos, da tazarar kamar yatsu biyu ko uku a tsakaninsu don kar su taɓa juna. Daga kowane ɗaki wayoyi biyu zasu fito ta ƙaramin rami, ɗaya ya hau ja ɗaya ya hau baƙi. Kar a haɗa ƙwayayen a jere ƙafar wannan a bakin wancan, fararen LED biyu a jere suna neman bolt 6 ne, ke kuma 5 gareki, ba zasu kama yadda ya kamata ba.

LED yana da gaba da baya. Doguwar ƙafar itace fulos, gajeriyar mainos, in an riga an yanke ƙafafun ki duba gindin ƙwan akwai gefe ɗaya da aka ɗan shafe, wannan gefen shine mainos. In kin juya shi a bolt 5 ba zai kama ba kawai, sai ki mayar da shi daidai. Rezista shi babu ruwansa da gaba ko baya, kuma ko a wace ƙafa aka sa shi aiki ɗaya zai yi, amma ki riƙa sa shi a doguwar ƙafar koyaushe don ranar gyara kar a ruɗe.

Siraran wayoyi ba sai kin saya ba. Tsohuwar wayar intanet ta kwamfuta in aka fere ta akwai wayoyi takwas a ciki kala-kala, sun isa gidan duka kuma kalolin zasu taimaka miki sanin wane ɗaki ne wane. Ta iyafis kam ki barta, wani irin fenti ne a jikin zaren, dalma bata kama shi da sauƙi.

To abin da nake so ki yi kafin komai, in ba a riga an yi fenti an liƙa takardar bango ba a dakata tukunna. Waya ake fara sawa sannan kwalliya. Ki sa kafintan ya huda ramuka a silin na kowane ɗaki daidai da girman ƙwan, na ɗakunan ƙasa ƙwan zai leƙo ne daga daɓen bene, sai ya ɗan sassaƙa siririn kwari a daɓen benen daga ramin zuwa bangon baya, wayar ta kwanta a ciki, a rufe da ƙyallen atamfa ko ɗan guntun kafet, babu wanda zai san akwai waya a wajen. Na ɗakunan sama kuma ta ƙarƙashin rufi zasu bi. In an riga an gama fenti ba matsala, a huda bangon baya can sama dab da silin a turo ƙwan ta nan, hasken ba zai kai na tsakiyar silin kyau ba amma aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan ya yanko wani siririn filawud daidai girman bayan gidan wanda zai rufe wayoyin duka, da ɗan katako a gefe-gefe don a samu fili a tsakani, kuma da sukuru za a ɗaure shi ba ƙusa ba, ba gam ba. Wata rana dole za a buɗe, kuma ƙaramin yaron ba zai iya kwance sukuru ba.

Wajen haɗa wayoyi ni dai dalma nake so. Murɗawa da hannu a naɗe da salatef yana aiki na ɗan lokaci, amma gidan wasa ne, za a ja shi, za a ɗaga shi, za a kifar da shi, ga zafin Accra da yake narkar da gam ɗin salatef ya koma yauƙi, ga iskar teku da take sa jan ƙarfe yayi kore, wata uku sai ki ga wuta tana ƙyaftawa. In baki da ƙarfen dalma ki kai wa duk wani mai gyaran waya ko rediyo na kusa da ke ƙwayayen da rezistocin da wayoyin, ki ce ya haɗa miki kowane ƙwai da rezistansa da jelar waya mai tsawon kamar kamu biyu, ya zura robar tsukewa a kowace ƙafa daban, ba aikin da zai ɗauke shi lokaci bane. Ke kuma a gida sai ki haɗa jelolin da uwar waya ta hanyar kanektan nan na roba mai ƙananan sukurori da masu wayarin suke amfani da shi, ana samunsa a Opera Square. Robar ƙafafun tana da muhimmanci ta fuska biyu, tana hana ƙafafu su haɗu, kuma dalma da yawa akwai gubar darma a cikinta, bai kamata hannun yaro ya riƙa taɓawa ba.

Ki gwada kowane ƙwai da batir kafin ki sa masa gam, ki sake gwadawa bayan kin sa.

Yanzu kwalliyar hasken, wanda gaskiya shine wajen da na fi jin daɗi. LED mai kai garau kamar gilashi haskensa tsinin tocila ne, zai zana da'ira ɗaya a ƙasa ya bar kusurwoyi da duhu. Maganinsa ki goge kan da sanfefa har yayi hazo, ko tun farko ki nemi mai kai fari kamar madara. Sai a yi masa 'yar riga. Rabin ƙwallon tebur ya isa fitilar silin ta falo, farin murfin kwalbar magani yayi na banɗaki, amma abin da ya fi kyau a idona shine dutsen adon nan na Krobo da ake yi da narkakken gilashin kwalabe, masu ɗan hazo da haske yake ratsawa, ana samunsu a Makola. Ki nemi mai rami babba ki zura ƙwan milimita 3 a ciki ki ɗaura shi a kan ɗan guntun katako, kin samu fitilar gefen gado mai launin kore ko ruwan zuma wadda babu irinta a shago. Tunda LED a wannan ƙarfin baya zafi, ko takarda ko ƙyalle zaki iya yi masa rumfa da shi. Amma duk ƙaramin abu irin wannan a liƙe shi da ƙarfi sosai saboda ɗan autan, in kin ga zai iya ɓamɓarewa ki bari sai ya girma. Silin kuma a yi masa farin fenti, yana mayar da haske ƙasa. Wasu suna liƙa takardar alminiyam don ƙarin haske, kar ki yi, wutar lantarki tana bi ta cikinta, in ta taɓa ƙafafun ƙwai biyu ta haɗe su.

Makunni ki sa babba ɗaya kusa da batir, sannan kowane ɗaki da nasa a jikin bangon gefe inda hannun yarinya zai kai. Rabin daɗin abin a wajenta kunnawa da kashewa ne, ta kwantar da 'yar tsana ta kashe wutar ɗakin kwana ta bar ta baranda. Makunnin a kan jar waya ake sa shi tsakanin uwar waya da rezista. Ki sayi masu ɗan kauri da ake ɗaurewa da noti, ƙananan nan na cikin rediyo basa jure hannun yara.

Batun yawan wuta kar ya dame ki. Ƙwai shida a kan 9mA bai kai 60mA ba, ko ƙaramar cajar waya tana bada ninkin haka sau da yawa. Batir AA uku masu kyau irin alkalin zasu yi sama da awa 20 a kunne, suna dusashewa a hankali. In za a daɗe ba a yi wasa da shi ba a cire su don suna zubar da ruwa su ci ƙarfen akwatin. Abu ɗaya da zai iya ruɗa ki in kin koma fawa bank, da yawansu in suka ji abin da ake ja yayi kaɗan sai su ɗauka an gama caji su kashe kansu bayan 'yan daƙiƙu, ba wayarin ɗinki bane ya lalace, ki gwada wani fawa bank ɗin ko ki kunna ɗakunan duka tare. Wayar USB in kin yanke ta yawanci ja shine fulos, baƙi mainos, fari da kore na saƙo ne a datse su a rufe, amma masu araha basa bin wannan ƙa'idar koyaushe, a auna da mita. Ki ƙulla wayar ta ciki kafin ta fito daga ramin bayan gidan don in an fizga ƙullin ya tare. In kuma caja ce a bango to ta zama ta asali, jabun caja tana iya zubo wutar soket cikin wayar USB, kuma a zare ta in an ɗauke wuta don dawowarta ce take ƙona kaya.

Abu biyu kuma da nake roƙonki da Allah ki nisanta. Na farko batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032 da 'yan uwansa, wanda yake cikin ƙananan fitilun ado da kyandir na roba. Faɗinsa milimita 20 ne, daidai abin da yake maƙalewa a maƙogwaron ƙaramin yaro, kuma in ya maƙale yana iya ƙona naman wajen cikin awa 2, ko da batir ɗin ya yi sanyi har baya kunna fitila. Masu sayarwa zasu nuna miki shi saboda sauƙinsa, ki ce a'a. In kuma Allah ya kiyaye aka taɓa zargin yaro ya haɗiyi irinsa daga rimot ko agogo, asibiti kai tsaye a lokacin, ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai. Na biyu batirin litiyam da ake cirowa daga tsohuwar laftof, yaran shago suna son haɗa abu da shi saboda ana cajinsa, amma in wayoyinsa suka haɗu babu allon kariya wuta yake kamawa, gidan kuma katako ne da ƙyalle. Akwatin AA ɗin ma ki nemi mai murfin sukuru, ko a ɓoye shi bayan filawud ɗin.

In kina da 'yan uwa a waje suka ce zasu aiko da kayan wutar gidan 'yar tsana na asali, akwai su kam, a Ingila da Amurka sana'a ce guda. Yawancinsu na bolt 12 ne, an yi su ne wa gidajen da ake ƙerawa a ma'aunin 1 cikin 12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, da 'yan fitilun rataye masu kyau ƙwarai. Wasu da tef na jan ƙarfe ake bin bango da shi a maimakon waya. Sai dai ki sani na manya masu tara kayan ado ne, ba na wasan yara ba, tsofaffin samfurin ƙwayayensu masu zare ne suna zafi kuma kowane ɗaya yana jan wajen 50 zuwa 60mA, tef ɗin kuma wajen mahaɗarsa yake saki. Sannan a duba taransifomar, ta Ingila 230 ce da fulogi mai ƙafa uku irin namu, ta Amurka kuwa 120 ce, in aka jona ta a soket ɗinmu zata ƙone nan take sai dai in an rubuta 100-240V a jikinta. In 'yar tsanar irin Barbie ce ma waɗannan fitilun zasu yi mata ƙanƙanta don ita wajen 1 cikin 6 take.

In kuma kin ga duk wannan yayi miki yawa, akwai gajeriyar hanya, fitilun nan na siririyar wayar jan ƙarfe masu ɗigo-ɗigon haske waɗanda suke zuwa da akwatin batir AA ko kan USB, ki zagaya da su silin ɗin ɗakunan ta ramukan baya ki kama da gam. Babu dalma, babu lissafi, illarsa kawai duka tare suke kamawa tare suke mutuwa, kuma in wayar ta tsinke a tsakiya daga nan zuwa ƙarshe ya tafi.

Ranar da aka gama in ɗaki ɗaya ya ƙi kamawa, ki fara zargin an juya ƙwan ko sukurun kanektansa bai kama waya ba. In duka suka ƙi, batir ne ko babban makunni, ki taɓa batir ɗin, in kin ji yayi zafi cire shi maza, ja da baƙi sun haɗu a wani waje, a bi uwar waya a nemo. In yarinya ta zo daga baya tace tana son fanka a falo, ƙaramin moto yana jan wuta fiye da ƙwayayen nan duka a haɗe kuma zai sa su riƙa rawa, ki ba shi nasa akwatin batir daban da nasa makunnin, fukafukan kuma a yanka su da takarda mai ɗan kauri don kar su ji wa yatsa ciwo.